Kafin ka biya kuɗin maganin ƙara girman tuffa, nemi littafin gonar

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa: “Ina sayar da tuffa a kasuwar 'Yan Lemo da ke Kano. Ɗan ƙanin mahaifina yana da gonar tuffa a wajen Jos, ya ce in ba shi naira miliyan biyu ya sayo maganin feshi da zai sa 'ya'yan su yi girma da tsawo kamar na Afirka ta Kudu, mu raba riba. Ya ce kuɗin zai ninka a kaka ɗaya. In ba shi?”

Alhaji, maganin da ɗan'uwanka yake faɗa akwai shi. Manoman Amurka sun daɗe suna fesa wani magani mai suna Promalin lokacin da itacen yake cikin fure, domin tuffa irin Red Delicious ta yi tsawo, ƙasanta ya fito da tudu biyar ɗin nan da masu saye suke so. Akwai kuma sinadarin NAA, wanda ake fesawa bayan fure don a zubar da wasu 'ya'yan, ragowar su sami abinci su yi girma.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne, ban ga lissafi ko ɗaya daga gonar ba. Itace nawa ne? Wane iri ne? Kwali nawa aka tsinka bara, kuma nawa aka sayar? Kai da ba ka sayen kwalin kilo 18 sai ka duba ko 'ya'ya 100 ne a ciki ko 198, saboda ka san kowanne da kuɗinsa, yau kana shirin miƙa miliyan biyu a kan maganar baki don kawai kakanku ɗaya. Da baƙo ne ya zo maka da wannan zance, da tuni ka nemi ganin littafinsa.

Tambayar iri ita ce ta fi komai nauyi. Tuffar da ka saba gani a kwali tana fitowa ne daga wuraren da ake dogon sanyin hunturu, kuma sanyin makonnin da ke biye da fure yana daga cikin abubuwan da ke ba ta wannan tsawo. Inda aka yi zafi a lokacin, sai ta fito a gajarce. A tuddai irin na Filato, ire-iren da ba sa buƙatar sanyi mai yawa, kamar Anna, su ne suke yin 'ya'ya, kuma babu feshin da zai mayar da Anna ta zama Red Delicious. Girman ɗan tuffa kuwa yana kafuwa ne a makonnin farko bayan fure, don haka itacen da ya sha ƙishirwa a lokacin, ko aka bar masa 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, magani ba zai cece shi ba.

Na taɓa zama da wani mutum da ya ba ƙaninsa jari a kan irin wannan aiki. Yaron ya ga kamar ƙara ma'auni zai ƙara girma, ya ninka maganin rage 'ya'ya, ya fesa wa gonar duka a yini ɗaya. Da muka je, ƙarƙashin kowane itace cike yake da ƙananan 'ya'ya kore kamar gorubar da ba ta nuna ba, kuma ba a bar ko itace ɗaya da za a gwada da shi ba. Da aka tambayi nawa aka zuba a tankin feshi, babu wanda ya rubuta. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa su.

Maganar ninki a kaka ɗaya kuwa, ka cire ta daga ranka. Idan har kana son shiga, kada ka wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin a bana. A ware itace ashirin da aka dasa lokaci ɗaya, a bar goma, a fesa wa goma maganin da ke ɗauke da lambar rajistar NAFDAC, a kan ma'aunin da ke jikin kwalbar. A rubuta ranar fure da ranar feshi. Ranar tsinka ka je da kanka, ka tafi da sikelinka da kwalayenka, ka ƙirga na kowane ɓangare daban, sannan ka kawo su 'Yan Lemo ka ji abin da dillalai za su taya.