Yaya iskar gas ke zama takin yuriya?

Tambaya: Malam, an ce takin yuriya da muke zuba wa masara daga iskar gas ake yin sa. Gas ɗin girki ne? Kuma me ya sa duk sanda gas ya yi tsada a duniya sai buhun taki ya bi shi? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Ba na girki ba ne, Malam. Wanda ake nufi shi ne gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa a tura ta bututu, mafi yawansa sinadarin mitan. Kafin a kai ga yuriya sai an fara yin amoniya, kuma amoniya haɗin abu 2 ce: naitirojin da haidirojin. Naitirojin, wanda shi ne abincin shuka, kyauta ne, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne. Haidirojin ne ke cin kuɗi, kuma shi ake nema a jikin gas.

Da farko ana cire farar wuta daga gas ɗin, don tana lalata sinadaran da ke hanzarta aikin, irin su nikel. Sai a gauraya shi da tururi a bi da shi cikin bututun da ke cike da ƙarfen nikel, a zafin kusan digiri 800, ya fashe ya saki haidirojin. Daga nan a shigar da iska don samun naitirojin, a tsame iskar kabon da ta samu daga fasa gas ɗin a ajiye gefe.

Wahalar tana gaba. Naitirojin taurin kai gare shi, ba ya son haɗuwa da komai. Dole a matse shi da haidirojin da matsi da ya ninka na iskar sarari sau 150 zuwa 250, a zafin digiri 400 zuwa 500, a kan ƙarfe na musamman. Duk da haka kashi 15 zuwa 20 kawai ke zama amoniya a zagaye guda. A sanyaya a kwashe ta, sauran a mayar ciki. Fritz Haber ya gano dabarar a Jamus a 1909, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da ita masana'anta a Oppau a 1913, kuma har yau ita ake bi. Iskar kabon ɗin nan da aka ajiye ita ake haɗawa da amoniya a sami yuriya mai naitirojin kashi 46.

Batun tsada kuwa, gas shi ne kayan haɗi kuma shi ne makamashin hura wutar, shi ya sa ya fi komai cin kuɗi a aikin. Da farashinsa ya haura a Turai a 2022, masana'antu da dama sun rage aiki, taki ya yi ƙaranci a kasuwar duniya. To mu da ke da gas fa? Akwai Indorama a Eleme, Notore a Onne, da masana'antar Dangote a Lekki mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Amma suna kai yuriya ƙasashe irin su Brazil da dala, don haka farashin waje da faɗuwar naira suna biyo buhun har Funtuwa, ga kuma kuɗin tirela daga kudu.