Cajin mota da dare ya fi sauƙi a Ingila

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsarin wuta mai farashi gwargwadon lokaci zai rage maka kuɗi tunda ka sayi motar lantarki. Zai rage, muddin a gida kake caji.

Ni ina kan Intelligent Octopus Go, wani tsarin farashin wuta na kamfanin Octopus Energy don masu motar lantarki. Daga 11:30 na dare zuwa 5:30 na asuba wutar gidan gaba ɗaya tana arha, saboda lokacin jama'a na barci, buƙata ta ragu. Ina dawowa daga aiki nake jona motar, manhajar kamfanin ta jira dare ya raba sannan ta fara caji. Har wanki maiɗakina ta mayar dare.

Amma ka duba farashin rana da kyau kafin ka sauya, musamman in iyali na yini a gida. Kuma sai da mita ta zamani mai aika lissafi duk rabin awa.