Amsa ga mai tambayar tarihi da yawan mutanen ƙauyukan Telugu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana karatu a Haidarabad ta ƙasar Indiya, an ba ka aikin rubuta tarihi da yawan jama'ar wani ƙauyen masu jin Telugu, amma duk wanda ka bincika a intanet sai ka tarar da lambobi tsirara: gidaje kaza, maza kaza, mata kaza, shi ke nan. Ni harkar yadi ce ta riƙa kai ni yankin, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Lambobin nan da kake gani kusan duk daga ƙidayar 2011 aka kwaso su. Wadda ya kamata a yi a 2021 an ɗage ta saboda korona. Wato yaron da aka ƙirga yana goye a lokacin, yanzu ya kusa fara aske gemu. Kuma ƙauye a takardar gwamnati daban yake da ƙauyen da ƙafarka za ta taka. Suna ɗaya kan haɗa babban gari da 'yan unguwanni da ke warwatse a bayan gonaki, har da matsugunan ƙabilar Lambada da suke kira tanda. Jihar Telangana kanta, inda Haidarabad take, sai ranar 2 ga Yunin 2014 aka yanke ta daga Andhra Pradesh, a 2016 kuma aka sake tsaga gundumomi. Idan ka ga tsohuwar takarda ta sa ƙauye a wata gunduma, sabuwa ta sa shi a wata, ba kuskure ba ne.

Shawarata ka ɗauki Pochampally. Bai kai kilomita 50 daga Haidarabad ba, ta hanyar Vijayawada. Da yana gundumar Nalgonda, yanzu yana Yadadri Bhuvanagiri. Mutanensa sun haura 10,000 tun a ƙidayar 2011, kuma daga baya an ɗaga shi zuwa matsayin gari, amma tarihinsa na ƙauye ne tsantsa, kuma a rubuce yake, abin da ba kasafai ake samu ba.

Zamanin Nizam Mir Osman Ali Khan, sarkin Haidarabad, ƙasar noma a wannan yanki tana hannun manyan masu gonaki da ake kira dora. Talaka yana yi musu aikin tilas ba ko kwabo, shi ne vetti: ka yi noma, ka yi wanki, ka ɗauki kaya, don kawai a gidan da aka haife ka haka aka gada. A 1946 manoma suka yi bore ƙarƙashin 'yan gurguzu, Nalgonda kuwa ita ce cibiyar wutar. Sojojin Indiya sun karɓe Haidarabad a Satumban 1948, amma rikicin bai lafa ba sai 1951. Ana cikin haka Vinoba Bhave, almajirin Gandhi, ya iso Pochampally a ƙafa ranar 18 ga Afrilun 1951. Iyalai wajen 40 na 'yan ƙasan tsani a tsarin matsayin gado na Indiya, waɗanda ake ƙyamar taɓawa, suka ce masa eka 80 kawai suke so, bibbiyu ga kowane gida. Nan take wani mai gonaki, Vedire Ramachandra Reddy, ya miƙe ya ce ya ba da eka 100. Daga nan yunƙurin kyautar ƙasa na Bhoodan ya samo asali, shi ya sa ake cewa Bhoodan Pochampally.

Kada dai ka rubuta shi kamar tatsuniya mai daɗin ƙarshe. A faɗin Indiya an tara alkawarin eka miliyan 4 da wani abu, amma da yawa fako ne ko duwatsu, wasu kuma magada suka tsaya a kotu. A ganina abin da ya sa masu gonaki suka saki hannu ba tausayi kaɗai ba ne, sun ga abin da bore ya yi wa maƙwabtansu.

Abin da ya fi riƙe garin yau shi ne saƙa. Ka shiga layin masaƙa da hantsi, ƙarar ƙoshiya ce za ta yi maka maraba daga kowane gida. Maigida na zaune ƙafafunsa a cikin rami ƙarƙashin masaƙar, uwargida na gefe tana harkar zare. Mu a marinar Ƙofar Mata yadin ake ɗaurewa a tsoma a baba, su kuwa zaren suke ɗaurewa tun kafin a saƙa. Na tsaya kan wani dattijo yana zana alama da gawayi a kan zaren da aka shimfiɗa, yana naɗe wuraren da ba ya so rini ya taɓa da yankakken tiyub ɗin keke. A tsoma, a kwance, a sake ɗaure wani wuri, a sake tsomawa da wani launi. Sai an ɗora a masaƙa zanen yake fitowa, gefensa da ɗan dishi-dishi. Da wannan ake gane na hannu, ka juya bayan yadin ka ga zanen iri ɗaya ne da na gaba. Na inji da ake bugawa bayansa kan yi fari-fari, kuma shi ne ke karya musu kasuwa.

Aikin mata a nan ba wasa ba ne. Kafin a samu zaren sari ɗaya, mace kan kai hannu ta dawo da shi kusan sau 9,000 tsakanin turaku. Wani ɗan masaƙa daga wannan yankin, Chintakindi Mallesham, ganin ciwon kafaɗar mahaifiyarsa ya sa ya ƙera injin da ke yin wannan a 1999, aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, Padma Shri, a 2017. A 2021 kuma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Pochampally cikin zaɓaɓɓun ƙauyukan duniya.

To batun yawan jama'a, ga inda teburin ƙidaya zai yaudare ka. Yana nuna maka adadin 'yan ƙasan tsani da na ƙabilun daji, amma ba ya rarrabe sauran. Alhali garin a kan sana'ar gado yake zaune: Padmashali masaƙa, Reddy masu gonaki, Goud masu hawa giginya su tatso bammi, Yadav masu kiwo. Kowa da layinsa, kuma har yau auratayya tsakaninsu ba ta cika faruwa ba. Ka lura da inda unguwar 'yan ƙasan tsani take, a ƙauyukan yankin galibi a gefen gari za ka same ta. Musulmi 'yan kaɗan ne a irin waɗannan ƙauyuka, amma abin da zai ba ka mamaki shi ne Muharram, da Hindu da Musulmi tare suke fitowa, suna kiransa Peerla Panduga.

Wani abin kuma, wanda aka ƙirga a gari ba lallai a garin yake wuni ba. Samari da dama sun bar masaƙa, da sassafe suke hawa bas zuwa Haidarabad aikin kamfani ko shago, gonakin bakin titi kuma ana yanka su fuloti-fuloti. Yawancin waɗanda na gani a ramin saƙa masu furfura ne.

In za ka je, ka nemi abokin karatunka mai jin Telugu ya raka ka, don Hindi ko Urdu ba za su kai ka ko'ina da tsofaffin mata ba. Ka fara da ofishin hukumar garin da ƙungiyar masaƙa, su ne ke da jerin gidajen da har yanzu ke saƙa. Ka cire takalmi kafin ka shiga ɗakin masaƙa, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.