Abin da ya sa muke tambayarka "ka auna?"

Ɗana, na ji ƙorafinka. Ka ce duk sanda ka turo wa ɗayanmu manhajar da ka rubuta, kana murna ta yi sauri, sai a ce maka "ka auna?", har ka fara zaton raini ne. Wallahi ba raini ba ne. Mu Hausawan da muka daɗe a Ingila muna wannan sana'a, musamman nan Kembirij inda kamfanin Arm mai zana furosesa yake, haka muke yi wa juna ko a wurin cin tuwon suna. Babba ya ce ya gyara abu, yaro ya nemi ganin lambobi, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Na san a gida Kaduna wannan yana da nauyi a baki, amma da dalilinsa.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarnin manhaja, ba ta jiran umarni ɗaya ya ƙare kafin ta ɗauki na gaba. Jeri take yi, kamar leburori ranar zuba dakin a Rigasa: wannan na cika kwanon sarki, wancan na miƙawa, na sama na juyewa. Siminti na yankewa a ƙasa, layin duka ya tsaya, kuɗin yini kuwa na tafiya. Irin wannan tsayuwa ce ke cinye lokaci, kuma ido ba ya kama ta. Allo zai nuna maka furosesa na aiki 100 bisa 100, alhali zaman jira take yi.

Yawanci bayanai take jira. In abin da take nema yana ƙaramar ma'ajiyar da ke jikinta, bugu 4 ko 5 na agogon cikinta ya isa. In kuwa sai an je RAM, babbar ma'ajiyar da ke wajenta, tana iya jiran bugu 200 ko fiye. Akwai kuma mararraba, inda manhaja ke cewa in kaza ne a yi kaza. Furosesa kan yi hasashen hanyar da za a bi ta wuce gaba. Hasashen na kuskurewa, sai ta zubar da aikin, bugu 15 zuwa 20 sun tafi.

Shi ya sa aka gina 'yan ma'aunai a cikinta masu ƙirga waɗannan abubuwa, tun zamanin Pentium, furosesar Intel ta 1993. A Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, tun 2009 akwai perf, manhajar da ke karanta waɗannan ma'aunai, kyauta ce. Rubuta perf stat gaban sunan manhajarka, ka dubi umarni nawa ake gamawa a kowane bugu. Furosesar zamani na iya gama 4 ko fiye. In ka ga ƙasa da 1, to ana jira a wani wuri. A ganina hanyar da Ahmad Yasin na Intel ya fitar a 2014 ta fi kowace amfani ga mai koyo, don ta kasa lokacin gida huɗu: aikin da ya kammala, wanda aka zubar saboda kuskuren hasashe, jiran isowar umarni, da jiran bayanai ko wurin lissafi. Gidan da ya fi kumbura shi kaɗai za ka bi.

Ka kula, ma'aunan ba su da yawa, don haka kada ka nemi ƙirga abu ashirin a tashi ɗaya, kintace za a ba ka. In an ɗauke wuta kwamfutarka ta koma batir, takan rage gudu, sai ka jira a kawo kafin ka gwada sakamako biyu.

Ga gwajin da muke fara ba yaranmu a nan. A harshen rubuta manhaja na C, tara lambobin babban tebur sahu-sahu, sannan ka sake tarawa daga sama zuwa ƙasa. Lissafi ɗaya ne, amma furosesa na ɗebo bayanai bayit 64 a tare, wato lambobi da dama da ke jere a sahu ɗaya, na farkon yana cin moriyarsu duka, na biyun yana ɗaukar lamba ɗaya ya sake komawa RAM.