Kamala, Anthony, Adele: Furucin Wa Ya Kamata A Bi?

Tambaya: Ni mai gabatar da shirin wasanni da nishaɗi ne a wani gidan rediyo a Kaduna. Nakan ji 'yan jaridar Birtaniya sun kira sunan wani shahararren mutum, in ji na Amurka sun kira shi daban, kuma duk wanda na ɗauka sai an sami mai sauraron da zai bugo waya ya ce na yi kuskure. Shin akwai furuci ɗaya da yake daidai?

Amsa: Malam, kafin a ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure, sai an raba abin da yake na sunan ne kansa da abin da yake na karin harshen mai magana. Yawan gaɓoɓin suna da gaɓar da ake ɗora wa nauyi, wato wadda ake furtawa da ƙarfi fiye da sauran, haƙƙin mai sunan ne, kuma shi ake bi a kansu. Amma yadda wasali ke fita daga bakin mutum, ko yadda yake yi da wani baƙi, wannan na inda ya tashi ne. Idan Basakkwace ya ce Hwaruku, Bakano kuma ya ce Faruku, babu wanda ya ɓata sunan a cikinsu.

Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne na harafin "r". Yawancin mutanen Ingila da Ostareliya ba sa furta shi sai idan wasali na biye da shi, alhali yawancin Amurkawa da mutanen Sikotilan da Ayalan suna furtawa. Saboda haka sunan mawaƙiya Taylor Swift kan fita kamar "Teila" a Landan, a ƙasarta Amurka kuma a ji "r" ɗin a ƙarshe. Turancin da muka koya a makarantun Nijeriya ya bi na Ingila a wannan fanni, kuma ba ka da dalilin lanƙwasa harshe don ka yi kama da Ba'amurke.

Lamarin Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, ya fi ɗaure kai, domin shawarar da ita kanta ta bayar tana iya ɓatar da wanda ba Ba'amurke ba. Ta sha bayyana cewa a faɗi sunanta kamar kalmar Turanci ta waƙafi, wato "comma", sannan a ƙara "la". Ga Ba'amurke wannan ya wadatar, saboda wasalin farko na kalmar a bakinsa buɗaɗɗen "a" ne. Ga mutumin Ingila kuwa gajeren "o" ne, don haka idan ya bi umarnin sau da ƙafa sai ya ce "Komala", wanda ba shi take nufi ba. Abin da ba ya canzawa shi ne nauyin da ke kan gaɓar farko, kuma kuskure na haƙiƙa shi ne a mayar da shi gaɓar tsakiya, kamar yadda wasu abokan hamayyarta suka riƙa yi. Kunnen Bahaushe ya fi sabawa da karin sauti da tsawon wasali fiye da irin wannan nauyi, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka ja gaɓar farko da sauti sama, ka ce "Kaamala", ka bar sauran biyun su sauka.

Akwai kuma sunayen da rubutunsu ɗaya ne amma kowace ƙasa ta zaɓi nata furucin. Anthony a Birtaniya galibi "Antoni" ne, ba a jin "h", Amurkawa kuma suna sa harshe tsakanin haƙora su furta shi yadda aka rubuta. Tun da ɗan damben boksin Anthony Joshua a garin Watford na Ingila aka haife shi a 1989, "Antoni" ɗin da Bahaushe ke faɗa ba tare da wahala ba ya yi daidai da na mutanen garinsu. Denzel Washington kuwa, ɗan wasan fim na Amurka, ya taɓa bayyana cewa asalin sunan, wanda ya gada daga mahaifinsa, nauyinsa na kan gaɓar farko, mahaifiyarsa ce ta mayar da nasa gaɓar ƙarshe don a riƙa bambance su idan ta yi kira. Babu ƙa'idar Turanci da za ta sanar da kai wannan, sai dai ka ji daga bakinsa.

A watan Oktoba na 2022 mawaƙiya Adele ta yaba wa wata 'yar Landan da ta aiko mata da tambaya, ta ce ta faɗi sunanta daidai, nan take kafafen labarai suka cika da cewa duniya ta daɗe tana kuskure. A ganina an zuzuta maganar. An haifi Adele a unguwar Tottenham ta arewacin Landan a 1988, kuma a karin mutanen wannan birni "l" na ƙarshen kalma kan narke ya koma kusa da "w", har wasalin da ke gabansa ya sauya a kunnen baƙo. Abin da ta ji shi ne muryar gida. Wanda ya ce "Adel" da nauyi a gaɓa ta biyu bai yi laifi ba, kuma mai gabatar da shiri da Hausa da zai tsaya kwaikwayon karin Landan zai fi ba masu sauraro dariya.

Kafin ka shiga ɗakin watsa shiri, nemi bidiyon da mai sunan ya gabatar da kansa da bakinsa, domin ya fi na mai sharhi ko mai talla inganci. Ka ƙirga gaɓoɓin, ka lura da wadda ta ɗauki nauyi, sannan ka rubuta sunan a takardarka da haruffan Hausa, kana ninka wasalin da za ka ja. Gidan BBC yana da sashe na musamman da ke shirya wa ma'aikatansa irin wannan jagora, kuma littafin rubutu guda da abokan aikinka za su riƙa ƙara sunaye a ciki zai yi muku wannan aiki, ya kuma hana a ji suna ɗaya da furuci biyu tsakanin shirin safe da na yamma.