Turancin titi ba jiya aka fara shi ba

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kai da ka ci Turanci a jarrabawa kake kasa gane matasan Landan in suna hira, kuma ko 'yan zamani ne suka lalata harshen. Na koyar da Turanci a sakandare kafin neman abinci ya kai ni wani babban sito a gabashin Landan, don haka bari in tofa albarkacin bakina.

Ba 'yan zamani suka fara ba. Tun wajen 1566 wani Thomas Harman ya tattara kalmomin ɓarayi da mabaratan Ingila ya buga, don masu gida su gane abin da ake ƙullawa a ƙofarsu. A 1785 Francis Grose ya fitar da ƙamus sukutum na maganar 'yan mashaya da 'yan caca da matuƙan jirgin ruwa. Masu ƙorafi ma sun daɗe. A 1710 marubuci Jonathan Swift ya koka da yadda ake gutsure kalmomi, har da “mob”, wadda aka yanko daga Latin. Yau jaridu masu daraja da ita suke kiran gungun masu tarzoma. Ita kanta “OK” da wasa ta fara: wata jaridar birnin Boston na Amurka ce ta buga ta ranar 23 ga Maris, 1839, gajarcen “all correct” da aka karkatar da rubutunsa da gangan, sai yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka Martin Van Buren na 1840 ya yayata ta.

Wanda ya fi burge ni shi ne salon Kokni, wato talakawan gabashin Landan, wanda ya ɓulla wajen tsakiyar ƙarni na 19 a bakin 'yan talla da 'yan kasuwa. Kamar zaurancenmu yake, na ciki ya gane, baƙo ya tsaya sororo. Sai su ɗauki kalma, su nemo wasu kalmomi biyu ko uku da ƙarshensu ya yi amo ɗaya da ita, sannan su jefar da mai amon. Akwai wani dattijo Bature da ke kula da mu a siton, haifaffen unguwar. Wata rana wani sabon yaro ya ɗora buhunan shinkafa a kan kwalin ƙwai, dattijon bai ɗaga murya ba, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa ya ce “use your loaf”. Yaron ya shiga waige-waigen neman burodi. Asalin maganar “loaf of bread” ne, mai amo da “head”, wato yi aiki da kanka. Haka in ya ce “have a butcher's” yana nufin zo ka duba, daga “butcher's hook” da “look”. Babu nahawun da zai fitar da kai a nan, sai an gaya maka.

Sojojin da suka zauna Indiya su ma sun kai nasu gida, irin su “cushy”, wato aiki mai sauƙi, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya baza su.

Amma mafi yawan abin da kake ji a finafinai da intanet daga bakin baƙaƙen fatar Amurka ya fito. “Cool” da ma'anar abin burgewa makaɗan jaz ne suka yayata ta a shekarun 1940. Abin da ke ci mini rai shi ne, an daɗe ana raina maganar mutanen nan a matsayin ta jahilai, amma da zarar kalmarsu ta yi farin jini sai kamfanoni su ɗauka su yi talla da ita, ba a ko tuna masu ita.

Na matasan Landan kuwa, tushensa Jamaika ne, daga zuri'ar waɗanda suka fara isowa a jirgin ruwan Windrush a 1948. “Wagwan” gaisuwa ce, me ake ciki. “Mandem” kuma abokai maza. Da kunnena na ji yaro farar fata a bas yana rantse wa abokinsa da “wallahi”, a wajen 'yan ajinsu Somaliyawa da Larabawa ya tsinta. Mu ma ba a bar mu a baya ba, don a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da “okada” da “Kannywood”.

Shawarata, koyi ganewa, amma kada ka yi gaggawar furtawa. Sara, wato maganar yayi, saurin tsufa take yi, kuma akwai kalmar da abokai ke faɗa wa juna su yi dariya, kai baƙo ka faɗa ta zama zagi. A takardar neman aiki da ɗakin jarrabawa riƙe Turancin makarantarka. In kana kallon fim kunna rubutun ƙasa, ka lura ko mai maganar ɗan Landan ne ko ɗan Amurka, domin kalma ɗaya takan bambanta tsakaninsu: “pissed” a Amurka mai fushi ne, a Ingila kuwa wanda ya bugu.