Ruwan sama a cikin kan mota: nemo mashigarsa kafin ka taɓa gam

Ɗana, ka ce direban tsohuwar Marsandi 911 ɗin nan ya dawo yana ƙorafi, ruwan sama na jiƙa masa ƙafa a wajen totur da birki, alhali ka zagaye gilashin gaba kaf da silikon. Kana tambaya ko ka je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo sabuwar robar gilashi. Kada ka sayi komai tukuna. Har yanzu ba ka san ta inda ruwan ke shiga ba, inda yake sauka kawai ka gani, kuma da wuya wuraren biyu su zama ɗaya. Ka san ɗakin kwano mai yoyo: ɗigo na sauka a kan gado, amma hujin yana can wani gefe, ruwan ya biyo katakon rufi ne har ya sami inda zai faɗo. A mota ma yakan shiga ta rufi, ya gangaro ta cikin ginshiƙin da ke gefen gilashi, ya bi bayan dashbod, ya kama wata waya, sannan ya ɗiga a ƙafar direba.

Da farko ka tabbatar ruwan sama ne. Dangwala yatsa ka murza, ka shinshina. In yana da santsi, da launi, da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi, ruwan lagireto ne daga hitar da ke ƙarƙashin dashbod, za ka kuma tarar lagireton na rage ruwa. In mai ne sosai, kuma fentin wurin ya kwaile, man kuloci ne ke biyo feda. A motar da ke da esi, in tiyon da ke zubar da ruwanta waje ya toshe, ruwa garai-garai zai taru a gefen fasinja ko da ba a ga hadari ba.

Daga nan ka zauna da direban, ka tambaye shi da kyau, domin shi ke kwana da motar. Tana tsaye ruwan ke shiga, ko sai ana tafiya? Wane gefe ne ya fara jiƙa? In ya ajiye ta, hancinta ne a sama ko bayanta? In sai ana tafiya take yoyo, ka fi zargin ƙasa: ruwan da taya ke watsowa, robar da ta rufe gindin giya, wadda ta rufe sandar sitiyari, da ƴan robobin da ke toshe hujojin daɓen kai. In tana tsaye ma tana sha, to daga sama ne. Wani direban zai ce maka sai ya ajiye ta tana kallon gabas take jiƙa. Ka riƙe wannan, hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, ya gaya maka ke nan gaban motar ne ke da ɓaraka.

Sai ka kwashe kayan ciki. Ɗage kafet da tsumman da ke ƙarƙashinsa, cire marufin gefen ƙafa, saki kusurwar silin, ka bar ƙofofi a buɗe wurin ya bushe. Kada ka yi saurin gogewa. Ƙurar da ta kwanta a bayan dashbod tun lokacin hunturu ita ce babbar mai ba ka labari. Kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ka haska tocila ta gefe. Za ka ga jar ƙura ta rufe ƙarfen ko'ina, sai wani siririn layi da ya wanke tas, gefensa da ɗan busasshen taɓo, wani lokaci da jan tsatsa a tsakiya. Wannan sawun ruwa ne. Bi shi sama da ido da yatsa har inda ya ɓace. In motar an wanke ta babu ƙura, barbaɗa farar hoda ko garin alli a wurin da kake zargi, ruwa zai zana maka hanyarsa.

Gwajin ruwa aikin mutum biyu ne. Kai kana ciki da tocila, ɗan uwanka yana waje da tiyo. Ban yarda da injin wankin mota ba a nan, ƙarfinsa na tura ruwa ta inda ruwan sama ba zai taɓa bi ba, ka ɓata yini kana gyaran abin da lafiyarsa lau. Ruwa mai kwarara a hankali ake so, in babu tiyo buta ma ta isa. Ku fara daga ƙasa: gindin ƙofa, sannan tsakiyarta, sannan gindin waifa, kusurwar gilashi ta ƙasa, gefensa, samansa, rufi a ƙarshe. In kuka fara daga rufi ruwa zai jiƙa komai a lokaci ɗaya, ba za ka san wanne ne ya ba shi hanya ba. Kowane wuri a tsaya masa minti biyar ko fi. Yara a nan suke gazawa, su watsa na ɗan lokaci su ce babu komai, alhali ruwan sai ya cika wani lungu kafin ya malalo. Da ka ga ɗigon farko ka buga ƙarfe, na waje ya tsaya cak, ya sa alama da alli. Ka ci gaba da gwajin har rufi, tsohuwar mota ba ta cika yoyo ta wuri ɗaya ba. In kana shakka tsakanin wurare biyu, rufe ɗaya da leda da salatif ka sake zubawa. Akwai kuma dabarar kumfa: a shafa ruwan sabulu a bakin roba ta waje, kai ka hura iskar kwamfireso ta ciki, inda ya yi kumfa nan ne.

Silikon ɗin da ka sa sai ya fita duka. Irin wanda ake sa wa gilashin tagar gida ne, mai warin tsami in an matso shi. Warin nan asid ne da ke fita yayin da yake bushewa, kuma yana cin ƙarfen da fentinsa ya ɗaye. Ba ya kama tsohuwar roba da kyau, bayan ɗan lokaci sai bakinsa ya ɗaga, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita, ya zauna a kan ƙarfe. Sannan duk inda ya taɓa, fenti ba zai kwanta ba, wani gam ma ba zai kama ba, sai an kankare an goge sosai. Gam ɗin aikinmu iri biyu ne. Akwai na foliyuritan, irin su Sikaflex, don haɗin ƙarfe da ƙarfe, yana lanƙwasa da motsin mota, fenti na hawa kansa. Akwai kuma baƙin nan mai danƙo da ba ya bushewa, butil, shi ake sa wa a ƙarƙashin leɓen robar gilashi, don gobe a iya cire gilashin ba a fasa ba.

Yanzu gilashin kansa. Wannan fasalin kai mai gajeren hanci tun 1959 Marsandi ta fito da shi, kuma tun farkon shekarun 1980 aka riƙa haɗa irinsu a Enugu. Gilashinsa a cikin roba yake zaune, ba manne shi aka yi da gam ba kamar na motocin yanzu. Ruwa na da hanya biyu: tsakanin gilashi da roba, ko tsakanin roba da ƙarfe. Sami ɗan katako mara kaifi ka ɗaga leɓen robar a kusurwoyin ƙasa, domin nan ruwa ke kwanciya. In ka ga fenti sumul, robar ce kawai ta bushe ta tsattsage da rana, to a nan sabuwar roba za ta yi magani. In ka ga fentin ya kumbura, ka danna ya yi ɓurus, tsatsa na zubowa kamar gari, to bakin ƙarfen da robar ke kamawa ne ya cinye, ko roba goma ka canza ruwa zai shiga. Dole gilashi ya sauka. A goge tsatsar har farin ƙarfe ya fito, a yanke ruɓaɓɓen, a yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya a yi walda. Ɗigo-ɗigo ake yi ana barin wurin ya huce, in ka ja wuta a tafi ɗaya bakin zai karkace, gilashin ya ƙi zama ko ya tsage a hanya. Kafin ka kunna wuta cire kan batir, ka janye silin da soso da wayoyi, ka ajiye ruwa kusa. Kada ka cike huji da fila, kwaɓin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Fila na shan ruwa ta baya, damina ɗaya za ta kumbura ta faɗo da fentin. Bayan walda a sa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, a yi fenti, a bari ya bushe sosai.

Wajen mayarwa, sa robar a jikin gilashi tukuna, ka zura igiya mai ƙwari a cikin ramin da zai kama ƙarfe, bakunanta biyu su haɗu a tsakiyar ƙasa. Shafa ruwan sabulu. Ban da baƙin mai ko giris, suna kumbura roba su lalata ta. Mutum biyu su danna da tafin hannu ta waje, kai kana jan igiyar a hankali ta ciki, ɗan nan ɗan can, leɓen robar na hawa kan ƙarfe. Babu duka da dunƙulen hannu.

In gilashin ya fita daga zargi, duba ƙasansa. Sandar waifa na da ƴar roba a gindinta, tana mutuwa, ruwa ya biyo ta kai tsaye zuwa bayan dashbod. Duba kuma bangon da ke tsakanin inji da direba. Duk wayar da aka ƙara daga baya, ta hon ko ta fitila, sau da yawa an huda roba ne aka zura, ko an cire robar gaba ɗaya. Mayar da roba, ka lanƙwasa wayar ta yi ɗan ciki ƙasa kafin ta shiga hujin, ruwa ya ɗige a waje. A ƙananan a-kori-kura irin su Hilux akwai wani kwaroro a ƙasan gilashi inda iska ke shiga, da mazuraran ruwa a gefe biyu. Ganyen darbejiya da ƙaiƙayi da sheƙar ɓera kan toshe su, ruwa ya taru ya tsallake ta bututun iska. Wannan a zura waya a buɗe su, a kora da ruwa, kawai yake so.

Rufi kuwa, dubi indararon da ya zagaye saman ƙofa. Nan aka haɗa farantin rufi da gefen kai, aka cike da gam tun daga kamfani, ranar shekaru ta busar da shi ya tsage kamar gashi. Yaran mota da ke hawa kai suna ɗaure tamfol su ma suna buɗe haɗin. Kankare tsohon gam duka, ka kashe tsatsa, ka sa sabo, ka yi fenti. Gindin eriya, fitilun saman kai da notin da aka ɗaure wani abu da su, kwance su za ka yi ka sa gam a ƙarƙashi, shafawa ta sama aikin banza ne.

Ƙofa an yi ta ne ruwa ya shiga ta bakin gilashi ya fita ta hujojin gindinta. Girgiza ta, in ka ji ruwa na motsi a ciki, hujojin sun toshe da taɓo. Ledar da ke bayan marufin ƙofa ma tana da aiki, in an yaga ta wajen gyaran abin ɗaga gilashi, mayar da wata. Robar ƙofa kuma ka gwada ta da takarda: rufe ƙofa a kanta ka ja, wuri bayan wuri, inda ta zare ba tare da turjiya ba robar ba ta kama ba. Amma ka ɗaga ƙofar da hannu tukuna. In tana wasa sama da ƙasa, hinji ne ya cinye, sai an gyara shi sabuwar roba za ta yi amfani. Ka leƙa robobin da kan ke zaune a kansu bisa shasi, in sun mutu kan na murɗewa a gargada, duk haɗin da ka liƙe zai sake buɗewa.

Bayan gyara ka ba gam kwana ɗaya ya kama, ku maimaita gwajin tun daga ƙasa har rufi. Tsumman ƙarƙashin kafet a shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, in ya yi wari a jefar, shi ke riƙe damshi ya cinye daɓe a ƙarƙashin ƙafar direba. Buɗe akwatin fiyus ka duba, in ka ga kore-kore a bakin wayoyi kira mai wayarin. In tsatsar bakin gilashi ce kuma mai motar ya ce ba zai iya ajiye ta ana tsakiyar marka ba, kai shi ka ɗaga robar ya gani da idonsa. Cusa butil a ƙarƙashin leɓen, ka gaya masa a fili na wucin gadi ne, ku tsayar da ranar da zai kawo ta da kaka a sauke gilashin.